Safiyar Farko Ta Iya Hure

Kwana huɗu ban leƙo nan ba, kuma duk na ga saƙonninku. Masu cewa data ce ta ƙare min, da masu cewa an kawo kuɗin gaisuwa ne na ɓuya ina cin kaza ni kaɗai, Allah ya shirye ku gaba ɗaya. Babu ko ɗaya a ciki. Kunya ce ta rufe min baki. Yau na ce gara in faɗa da kaina kafin ku ji a motar Tsanyawa an ƙara wa zancen gishiri.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Muhsina, 'yar Malam Yuguda mai injin huɗa. Shekarata ashirin da shida. Na yi karatun kwamfuta a birni ina zaune wajen yayar Innarmu a Rijiyar Zaki, na dawo ƙauyenmu da takarda a jaka, babu aiki, babu miji. Ƙanwata da na goya a bayana 'ya'yanta biyu. Sauran bayanin ku ƙarasa da kanku.

Akwai Abdulkabir, malamin firamare, ɗan Alhaji Sabiru na gabas da mu. Wata bakwai ke nan yana zuwa zance duk Alhamis da Lahadi, cikin yadi ruwan toka mai guga kamar zai yanka mutum, da hula a karkace, da turaren da ke kwana a zaure bayan ya tafi. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, ba ya ƙarya ko ta wasa. Aibinsa ɗaya, har yau bai turo manya ba.

Inna kuwa ba ta gajiya. Ina shara tana cewa, "Bencin nan na zaure ya kusa haddace sunan kakan yaron nan." Ina tankaɗe tana cewa, "Zance dai ba ya cika ciki, Muhsina." Sannan wata mai neman lada ta kawo mana daga kasuwa cewa mahaifiyarsa Hajiya ta ce, "'Yar boko ce, ban da latsa waya me ta iya?" Na yi dariya a gaban Inna, na shiga ɗaki maganar ta zauna min a ƙirji.

To ga yadda aka yi. Baba yana da ƙaramin injin huɗa, irin wanda ake riƙewa ana bin sa a ƙafa, Yaya Mudassir ne ke tuƙa shi. Duk shekara da hadari ya fara haɗuwa, zaurenmu cika yake da manoma, kowa yana cewa shi ya riga. Baba a ka yake riƙe layin, kai kuma ya fara tsufa. Bara saura kaɗan mutum biyu su ba hammata iska a ƙofar gidanmu a kan hantsin rana ɗaya. Dama tun ina makaranta na buɗe masa ɗan shafi a intanet, hoton inji da lambar waya kawai. Bana na ce zan ƙara wurin da mutum zai shiga ya kama lokacinsa da kansa.

Manhajar da na ɗauko ta san Litinin da Talata, amma ba ta san ruwan shuka ba. Manomi kuwa ba zai ce a yi masa huɗa ranar sha biyu ga wata ba, tunda ba shi ke riƙe da sama ba. Sati biyu ina fama a kan tabarmar Inna, kwamfuta a cinya, ina korar kaji daga wayar caji, har na samo dabara. Na cire kwanan wata, na sa ranar farko bayan ruwa, ta biyu, ta uku, har ta goma. Kowace rana na yanka mata gida uku a shafin: safiya, hantsi, yamma. Ranar da Baba ya ce ruwa ya isa shuka, maɓalli ɗaya zan danna, kowa saƙo ya same shi da ainihin ranarsa. Marasa babbar waya su zo zaure su faɗa wa Yaya, ni in shigar. Wallahi na ji daɗin kaina, har tafiyata ta canza.

Na kai wa Baba yana zaune a gindin darbejiya. Ya sa tabarau ya leƙa, ko da yake ajami yake karantawa ba boko ba.

"Wato wayar ce za ta riƙe min alkawari?"

"Eh, Baba. Ba ta mantuwa."

"To ki gaya mata alkawari kaya ne." Ya miƙo min ita. "Safiyar farko ki bar ta. Kada ki sa kowa."

"To, Baba."

Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, domin na sani. Kada in yi muku ƙarya a nan, na sani sarai. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da shanu Baba yake huɗa, sa ɗaya ya faɗi ya mutu masa a tsakiyar damina. Abokinsa Malam Iliyasu ya kwance nasa san ya kawo aka haɗa da na Baba, shi ya koma ya noma gonarsa da hannu har kaka. Da Malam Iliyasu ya rasu ya bar matarsa Iya Hure ba ɗa namiji, sai Baba ya fara yi mata huɗa kafin ta kowa. Bai taɓa furta alkawarin ba, ba a rubuta a ko'ina ba. Duk safiyar farko bayan ruwa za ka ga Iya Hure a bakin gonarta da ƙwaryar irin gyaɗa tana jira. Ni kaina ina ƙarama na sha kai musu koko can.

Shafi ya karɓu fiye da zatona. Samari suna kama wa iyayensu, har daga ƙauyukan gefen Tsanyawa. Cikin sati biyu gidajen shafin suka kusa cika. Wata Laraba da hantsi ina tsinken zogale sai saƙon Abdulkabir ya shigo.

"Gimbiyar injin huɗa, na shiga shafinki. Yammar rana ta goma kaɗai ta rage."

"Ina kake tun da na buɗe?"

"Jarrabawar yara ta riƙe ni. Baba sai faɗa yake, wai ina zarya gidan mai inji amma gyaɗarsa ce za ta zo ƙarshe."

"Hajiya fa, me ta ce?"

Ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa ya goge. Can sai ga shi: "Ki bar maganar Hajiya."

Ai ya gama faɗa min. Na ture farantin zogale na buɗe shafin. Ga gidaje nan jere duk sun yi kore ban da na ƙarshe, sai na can sama da na kulle, fari fat, babu suna. Zuciya ta ce, ke Muhsina, gonar Iya Hure 'yar mitsitsiya ce, a tsakanin aiki da aiki ma Yaya zai share ta. Ta ce, yau Hajiya za ta san abin da latsa waya ke yi. Ta ce, ai ruwa da saura, kya lallaɓa Baba kafin nan. Duk wanda bai taɓa jin irin wannan huɗubar a cikin kansa ba ya gode wa Allah.

Na rubuta: "Akwai safiyar farko."

"Da gaske? Ba ta wani ba ce?"

"Babu kowa a ciki."

"Kin tabbata, Muhsina? Ba na son in shiga haƙƙin wani."

"Na ce maka babu kowa. Na sa sunan Alhaji."

Ya turo addu'a mai tsawo har da iyayena a ciki. Na karanta ta sau uku ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Kwana goma sha uku na yi ina cewa gobe zan gaya wa Baba. Kullum in na durƙusa gaishe shi sai maganar ta maƙale, in ɓige da tambayar ko a ƙaro masa shayi.

Talatar nan da ta wuce, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas aka zuba ruwa har la'asar. Da ya ɗauke, Baba ya naɗe ƙafar wando ya zaga bayan gida, ni da Yaya muna biye. Ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannunsa ya shige, ya damƙo ya matse, ta dunƙule ba ta warware ba.

"Alhamdulillahi, ya isa shuka. Danna abin naki."

A lokacin ma ina da dama. Cire suna ɗaya bai kai minti ɗaya ba. Amma na tuna addu'ar nan, na tuna fuskar Hajiya, na danna. Saƙo ashirin da tara suka fita, kowanne ya fara da kalmomin da ni na tsara da hannuna: "Malam Yuguda ya amsa."

Ashe Alhaji Sabiru yana hanyar dawowa daga Tsanyawa saƙon ya same shi. Ya tsaya ya yi magariba a masallacin ƙofar gidanmu, aka idar ya kama hannun Baba a gaban jama'a yana godiya, wai safiyar farko guda, wannan karamci ba zai manta ba. Yaya ya ce masallacin ya yi tsit, don babu wanda bai san ta wace ce ba. Baba bai ce komai ba sai "Madalla."

Muna kwashe tuwo ni da Inna suka shigo. Baba ya zauna a kan buzunsa ya kira ni.

"Karanta min abin da aka aika wa Alhaji Sabiru."

Na karanta.

"Da sunana ya fita?"

"Eh, Baba."

"Kuskuren waya ne?"

Ga ƙofa ya buɗe min, da na ce eh da shi ke nan. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a. Ni ce."

Inna ta saki mara a cikin tukunya. "Muhsina! Don Allah wane irin..."

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya juya ga Yaya ya ce, "Gobe da asuba gonar Alhaji Sabiru. Ka yi masa aiki mai kyau."

"Baba, Iya Hure fa? Gonarta jigawa ce, kafin a gama layin nan danshin ya gudu."

"Maganar da ta fita da sunana ba ta dawowa. Ka yi abin da na ce."

Ya ja kwanonsa ya ci tuwo, har ya ce miyar ta yi daɗi. Da ya zage ni, ko ya ɗauko bulala duk girmana, da na fi samun sauƙi.

Da asuba na ji ƙarar ƙarfe a bayan rumbu. Na leƙa ta taga. Baba ne ya zaro tsohuwar garmar hannu da ta yi shekaru a rataye, ya buga ƙotar a ƙasa ta zauna, ya saɓa a kafaɗa ya fita. Shekararsa sittin da huɗu, kuma duk gidan nan mun san ciwon bayansa.

Rana na fitowa Inna ta dangwarar min da kwanon koko da ƙosai. "Ke za ki kai."

"Inna, don Allah..."

"Da wayar za ki aika?"

Na zura hijabina ruwan ƙasa, wanda ya fi kowanne tsawo, na ja shi har goshi. A banza. Kun san garinmu, gona na jikin gona, gida na kallon gida, kuma safiyar shuka ce, kowa yana waje. Ina tafe a 'yar siririyar hanya ana "Sannu 'yar Malam," ina amsawa, ina jin idanu a bayana. Daga gabas ƙarar injinmu tana tashi a gonar Alhaji Sabiru, kowa yana jin ta.

Na hango shi tun daga nesa, a duƙe, rigar ta manne a bayansa. Ya yi layi bakwai. Sai ya kafta sau biyar ko shida ya miƙe ya dafa ƙugu, ya sake duƙawa. Iya Hure tana biye da shi da ƙwaryarta, zaninta ɗaure a ƙirji a kan wata koɗaɗɗiyar riga, tana roƙo.

"Malam, don girman Allah ka bari. Ko jibi ne a yi. Ka kashe kanka a kan gyaɗa?"

"Zuba iri, Hure, rana na yi."

Ta gan ni ta washe baki. "A'a, 'yar bokona ce da kanta! An ce ke kika zuba garin nan kaf a cikin waya. Ni ma sunana yana ciki?"

Na ajiye kwanon kafin ya suɓuce. Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, hijabin da komai.

"Iya, ba ya ciki. Baba ya ce in bar miki safiyar nan, ni na ɗauka na bayar."

Ta dube ni. "Wa kika ba?"

"Gidan Alhaji Sabiru."

"Af." Ta ɗan yi dariya. "Surukai." Ta sa hannu ta ɗago haɓata, hannun duk ƙanshin gyaɗa. "Ke kuwa da kin zo kin gaya min, ai da bakina zan ce wa Malam a fara da su. Ni ma na taɓa zama budurwa."

Nan kukan ya ƙwace min. Na shirya wa zagi, ban shirya wa wannan ba.

Ina cikin share fuska na ji babur. Abdulkabir ne, da jarkar fetur ɗaure a baya zai kai wa Yaya, hanyar kuwa ta gefen gonar ta bi. Ya rage gudu zai gaisar, sai ya ga Baba da garma, ya ga Iya Hure, ya gan ni a durƙushe. Malamin makaranta ne, ba ya buƙatar a maimaita masa darasi. Ya kafe babur, ya cire takalmi, ya shigo gonar ya russuna.

"Baba, a ba ni garmar."

Baba bai ko miƙe ba. "Wannan aikin ba a ba da aronsa, ɗana. Kai musu mai, kada injin ya tsaya."

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Je ka."

Abdulkabir ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ba fushi ba ne, wani abu ne da ya fi fushi nauyi. A hankali ya ce, "Na tambaye ki, Muhsina. Sau biyu." Ya ɗauki takalminsa a hannu, ya hau babur ya tafi bai waiwayo ba.

Ban koma gida ba. Na ɗaure hijabin a ƙugu na karɓi rabin irin Iya Hure, ina jefawa ina rufewa da diddige a bayan Baba, ni da rabona da shuka tun ina aji uku. Sai dab da azahar muka gama. Tafin hannun Baba ya fashe wuri biyu. Kwana biyu ya yi a kwance, sallah ma a zaune, Inna tana shafa masa man zafi. Tun ranar ba ta sake yi min gorin aure ba, ko sau ɗaya, ni kuwa da ta yi da na ji sanyi.

Alhamis na yi wanka na sa atamfata shuɗiya mai ganye, na zauna a bakin gado har aka kira isha. Benci ya kwana shi kaɗai. Na tura masa "Ka yi haƙuri." Ya buɗe, bai amsa ba. Na rubuta wani dogo mai bayani, na karanta na ga duk kare kai ne, na goge. Abin da na iya yi kawai, na shiga shafin na canza tsarinsa. Yanzu babu saƙon da zai fita da sunan Baba sai na karanta masa ya ce to.

Yau Asabar da safe ina wanke-wanke wayar ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in wani ya kama lokaci. Na goge hannu a zani na duba. Yammar rana ta goma, wato Juma'a mai zuwa, gidan nan ɗaya da ya rage, wanda dama shi ne rabonsa tun farko. Suna: Abdulkabir Sabiru. Girman gona: bai sa komai ba. A wurin ƙarin bayani ya rubuta: "Ba huɗa ba ce. Baba da ƙaninsa za su zo wajen Malam bayan la'asar, in ya ba da izini."

Manya ba ta waya suke neman iso ba, aike ake yi. Ya bi ta nan ne don ya san ni zan fara gani. Na karanta har na haddace, ban gano ko goro za su kawo ko haƙuri za su bayar ba.

Na sami Baba a gindin darbejiya, an jingina masa filo. Na durƙusa na karanta masa. Ya daɗe yana jan carbi.

"Abin naki yana da baɗi?"

"Yana da shi, Baba."

"Buɗe. Safiyar farko, rubuta Hure."

Na rubuta.

"Ta shekara mai bi mata ma."

"Har zuwa yaushe, Baba?"

"Har ɗayanmu ya kwanta dama. In ni na riga ta, Mudassir ya sani." Ya dube ni, karo na farko tun Talata. "Laifina ne da na bar wurin fari. Yanzu ke ma kin sani."

Na cika shekara goma ina hawaye a kan gilashin wayar, har manhajar ta ce ba ta wuce nan. Sannan ya ce in amsa wa gidan Alhaji su zo, na danna a gabansa.

"Baba," na ce, muryata can ƙasa, "in fasawa suka zo yi fa?"

"Sai mu ba su ruwa su sha, mu raka su bakin hanya." Ya gyara filonsa. "Tashi ki share zaure. Ko da wace magana baƙo ya zo, ba ya zama a kan datti."

Na share shi sau biyu, na wanke tabarmar baƙi na shanya a kan katanga. Bencin ne na rasa yadda zan yi da shi. Na fitar da shi, na mayar, na sake fitarwa, har Inna ta leƙo ta ce in bar shi inda yake zuwa Juma'a.